Amsa ga mai son kafa babbar rumfar leda don noman lambu a hunturu

Tambaya: Inda nake zaune hunturu yana da tsanani. Dusar ƙanƙara na sauka, wani daren ma sanyi yakan kai digiri 15 ƙasa da sifili. Ina da fili, kuma ina so in kafa babbar rumfar leda irin mai bakunan ƙarfe, faɗi mita 9, tsawo mita 30, don in riƙa samun kayan lambu har hunturu ya fita. In lanƙwasa ƙarfen da kaina ko in sayi haɗaɗɗe? Leda ɗaya ko biyu? Dole sai na ɗumama ta? Kuma yaushe ya kamata in fara?

Malam, tambayar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ta farko a wurina, don haka da ita zan soma.

Kusan duk wanda zai kafa rumfarsa ta farko yana zaton sanyi ne kaɗai ke tsayar da shuka a hunturu. Sanyi na da nasa rabon, amma gajartar yini ce ke ɗaure ta. Da zarar hasken rana ya gaza awa 10 a yini, girman ganye sai ya koma tafiyar hawainiya, kusan a tsaye yake. A digiri 40 arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya kudu da arewa), wannan lokaci yana farawa wajen tsakiyar Nuwamba, ya ƙare a ƙarshen Janairu. A digiri 44 ko 45, daga makon farko na Nuwamba ne zuwa makon farko na Fabrairu. A Landan kuwa, tun ƙarshen Oktoba ake shiga, ba a fita sai tsakiyar Fabrairu. Wanda ke ƙasa da digiri 30 ba ya ma shiga wannan ƙangi. In kana kudu da ikwaita, ka ƙara wata shida a kan duk watan da zan ambata.

Ke nan rumfar da kake son ginawa, a tsakiyar hunturu, rumbu ce. Ganye yana tsaye a ciki da saiwarsa, yana da rai, kana zuwa kana ɗiba, amma ba ya ƙaruwa da wani abin kirki. Abin da ka shigar kafin hasken ya gaza shi za ka ci. Shi ya sa ake lissafin daga baya zuwa gaba: nemo ranar da yininku ke sauka ƙasa da awa 10, ka tabbata shukarka ta kai kashi uku cikin huɗu na girmanta kafin ranar. A wajajen digiri 44 wannan na nufin karas ya shiga ƙasa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, alayyafon sanyi (wanda ake kira sifinaj) a cikin Satumba, dangin kabeji da albasa kuma a dasa su kafin nan. Kuma jinkiri a wannan lokaci ba ya tafiya ɗaya da ɗaya. Ka makara da mako guda wajen shuka, girbi ya makara da mako biyu ko uku, domin kowace rana ta fi ta jiya gajarta. Ka makara da wata guda, sai Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙarfen ya tsaya tun cikin Yuli, a gyara ƙasa, a yi shuka a ƙarƙashin bakuna babu rufi, leda kuma ta hau kafin sanyi mai daskarewa na farko. Wanda ya fara haƙa a Oktoba zai sami kyakkyawar rumfa da babu komai a ciki.

Sai wuri. Ka je filin da tsakar rana ka tsaya ka dubi kudu. Ranar hunturu tana bi ta ƙasa-ƙasa: a digiri 45, a mafi gajartar yinin shekara, tsayinta daga doron ƙasa da tsakar rana bai wuce digiri 21 da rabi ba. Inuwar kowane abu a lokacin ta ninka tsayinsa sau biyu da rabi. Bishiya mai mita 10 za ta shimfiɗa inuwa ta mita 25, da safe da yamma kuma ta fi haka. Bishiyar da ba ta dame ka ba a Yuni ita za ta cinye maka rabin rumfa a Disamba, kuma ko ta zubar da ganye rassanta na tare haske fiye da yadda ido ke nunawa. Tunda hunturu kake nufi, kuma kana can arewa, ka shimfiɗa tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma, dogon gefenta ya kalli kudu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce sama da digiri 40 a yi haka, ƙasa da nan a yi kudu da arewa. Amma in gangarar filinka ko hanyar iska ta ƙi yarda, ka bi filin. Asarar hasken da karkacewa za ta jawo ba ta kai asarar rumfar da ruwa ya kwanta a cikinta ba.

Maganar ruwa ba ƙarama ba ce. Filin da rufinka ya rufe murabba'in mita 270 ne. Ruwan sama na milimita 25 kacal zai zubo lita 6,750 daga kansa, kuma duk a gindin bangarorin biyu zai sauka, daidai inda turakunka suke. In ba ka yi masa hanya ba zai yi wa kansa, ta cikin kunyoyinka. Ka ɗaga daɓen rumfar ya ɗara kewayensa ko da taƙi ɗaya ne, ka haƙa lambatu a kowane gefe mai gangarawa waje. 'Yar gangara ta tsawon rumfa ba laifi, tana ma taimakawa. Ta faɗi ce ake so a daidaita. Ka bar aƙalla mita 3 a kowane gefe inda dusar da ta zamo daga rufi za ta taru. Sannan kada ta yi nisa da inda kake kwana. Za ka riƙa zuwa sau biyu a yini cikin sanyi, wani lokacin da tsakar dare, kuma rumfar da ke da wuyar zuwa ita ake bari a buɗe ranar da bai kamata ba.

Girman da ka zaɓa ya yi daidai, kada wani ya ba ka shawarar ka raba ta biyu ƙanana. Sanyi ta gefe yake shigowa. A ce rabin mita na kusa da bango duk ya zama wurin sanyi: a rumfa mai mita 9 da 30 wajen kashi 14 cikin 100 na fili ka rasa, a mai mita 4 da rabi da 30 kuwa kusan kwata. Ga kuma yawan iska da ƙasar da ke ciki, waɗanda ke sa babba ta fi jinkirin hucewa da dare. Tsawon dai kada ya zarce mita 30 da yawa, don iska ta iya ratsawa daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Yanzu ƙarfe. Ina son mutum ya yi abinsa da hannunsa, kuma rumfa mai faɗin mita 4 zuwa 6 ana lanƙwasa bakunanta a gida da bututun shinge mai kaurin milimita 35, ta yi shekaru. Amma a mita 9, inda dusa ke sauka, ka sayi wanda injiniya ya yi wa lissafi. Bari in nuna maka dalili da lamba. Dusa sabuwa busasshiya ba ta da nauyi sosai, amma jiƙaƙƙiya, wadda ruwa ya biyo bayanta, tana iya kai kilo 300 a kowace mita mai fuska shida, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Kaurin santimita 30 na irin wannan kilo 90 ne a kan kowane murabba'in mita. In ta zauna a kan rufin duka, tan 24 ke nan a bisa bututu da leda. Kuma ba ta zama daidai wa daida. Iska na tara ta gefe guda, bakan ya karye daga kafaɗa, ya ja na kusa da shi, su bi juna.

Na ga wannan da idona a rumfata ta farko. Mai zagayen kai ce kamar rabin ganga, kuma don in rage kuɗi na ware bakunan mita 1.8 tsakaninsu. Hunturu biyu ta yi lafiya, har na fara yi wa masu kashe kuɗi dariya. A na uku dusa ta sauka da yamma, ruwa ya biyo da dare, na ce bari gari ya waye. Gari ya waye tsakiyarta na kwance a kan alayyafo. Araha ba ta ado.

Don haka ga abin da zan nema in ni ne. Siffa mai tsinin kai, wadda rufinta ke haɗuwa a sama kamar hannu biyu da aka haɗa, ba mai zagaye ba. Samanta ba shi da shimfiɗar da dusa za ta zauna, raɓar ciki ma gangarawa take yi maimakon ta ɗiga a kan ganye. Bututun ƙarfe mai rufin tutiya don tsatsa, kauri milimita 42 zuwa 48 ko sama, naman ƙarfen kusan milimita 2. Tazarar bakuna mita 1.2, wato bakuna 26 da turaku 52 a tsawon mita 30. Tanka aƙalla uku da ke bin tsawon rumfa suna ɗaure bakunan, biyar sun fi. Da ƙarfen gicciye a sama a kowane baka, ko a ƙalla kowane na biyu, wanda ke hana shi buɗewa in nauyi ya danne. Ka ce wa mai sayarwa ya ba ka a rubuce nauyin dusa da ƙarfin iskar da ƙarfen zai ɗauka. In ya fara kame-kame, ka gode masa ka wuce. Bututun roba na PVC kuwa ka manta da shi a wannan girma. Ba ya ɗaukar nauyi, sanyi na sa shi tsagewa, kuma inda ya taɓa leda yana cinye ta kafin lokacinta. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi hukumar gine-gine ta yankinku ko ana neman izini, don dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri.

Ko da ƙarfe mai kyau, daren dusa mai nauyi ba na barci ba ne. Ka tanadi dirkoki na katako da za ka tokare tsakiyar rufi da su, da tsintsiya mai laushi mai dogon mariƙi. Kana sharewa kana sauya gefe, kada ka sauke ɓangare ɗaya duka ka bar ɗayan da kaya. In ka ga ƙarfe ya fara lanƙwasa kuma ba ka iya cim ma dusar, ka fita waje ka sa wuƙa ka tsaga ledar. Zuciya ba ta so, amma leda ake sake saya da sauƙi.

Iska kuma ta fi dusa wayo, domin ita ba dannewa take yi ba, ɗagawa take. In ta bi ta kan rufi mai lanƙwasa tana tsotsarsa sama kamar fiffiken jirgi, in kuma ta sami ƙofa a buɗe ta shiga ta hura daga ciki. Ƙarfinta ba ya tafiya daidai da gudunta: gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. A gudun kilomita 100 cikin awa, matsinta a kan bangon da ya tare ta ya kusa kilo 50 a kowane murabba'in mita, kai kuma gefenka ɗaya ya fi murabba'in mita 100. Saboda haka turaku su nutse santimita 60 zuwa 90 a ƙasa, fiye da haka in yashi ne. Na kusurwa huɗu da na bakin ƙofa a zuba musu kankare. A ɗaure kowane baka da turkensa da bol da noti, ba a zura kawai a dogara da matsi ba. A kowace kusurwa a sa ƙarfe a karkace daga gindin baka na uku ko na huɗu zuwa saman na ƙarshe. Mutane na raina shi don ba ya ɗaukar ido, alhali shi ke hana rumfar kwantawa ta tsawo. Bangon gaba da na baya su ne ke shan duka, ka gina su kamar bangon ɗaki. Ƙofa ta yi faɗin da baro zai shiga da kaya, ko ƙaramar tarakta in kana da ita. In an yi hasashen guguwa, a rufe komai ruf.

Awon farko shi ne rabin aikin, kuma yini guda ya ishe shi. Ka kafa kusurwa huɗu, ka daidaita su da awon 3, 4, 5 (daga kusurwa mita 3 ta gefe ɗaya, mita 4 ta ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama mita 5), sannan ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta: a mita 9 da 30 ya kamata ka sami mita 31.32 ta kowane ɓangare. In biyun ba su zo ɗaya ba kada ka buga turke ko ɗaya. Ka ja igiya, kawunan turaku su bi ta, ka gwada da tiyo mai ruwa irin na magina. Ka ɗora wani ƙarfe ko katako a kan turke kafin ka sa guduma, in ba haka ba bakinsa ya lotse baka ya ƙi shiga. Kuskuren santimita biyar a ƙasa yana zama tattara a leda, tattara kuma nan ruwa da dusa ke zama. Taki da duk wani gyaran ƙasa mai nauyi a shigar da su kafin ƙarfe ya tsaya, lokacin da mota ke iya shiga. Haka bututun ruwa: a binne shi ƙasa da zurfin da ƙasarku ke daskarewa, famfon ya fito a cikin rumfar.

Leda. Tun 1948 da Emery Emmert na Jami'ar Kentaki a Amurka ya fara rufe gidan shuka da ita maimakon gilashi, an yi ta gyara ta, kuma ta yau ba irin ta shimfiɗar magina ba ce. Waccan rana na ruɓar da ita cikin 'yan watanni. Ka nemi ta gidan shuka, mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, wadda aka sa wa maganin rana. Shekara huɗu ake ƙiyasta mata. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki mai riƙe zafi da hana ɗigar raɓa. Ga dalili: leda zalla tana barin zafin da ƙasa ke fitarwa da dare ya ratsa ta ya tafi sama, har a daren da sama ta yi garau ba iska kana iya auna cikin rumfa ka tarar daidai yake da waje, wani lokacin ma ya ɗan fi sanyi. Wannan na ba sababbin shiga mamaki ƙwarai. Irin mai hana raɓa tana da fuska da baya, an rubuta a jikinta gefen da zai kalli ciki, ka duba kafin ku ja.

Ɗaya ko biyu? Akwai biyu iri biyu, kuma a nan ake ruɗewa. Na farko shi ne leda biyu a kan ƙarfe, ƙaramar fanka na hura iska a tsakaninsu dare da rana. Yana rage fitar zafi sosai, yana sa rufi ya yi tauri iska ba ta kaɗa shi, ledar ta fi daɗewa. Kuɗinsa shi ne wajen kashi 10 cikin 100 na haske, a lokacin da haske ne abin nema, da kuma wutar lantarki da ba ta yankewa, don in fanka ta tsaya leda biyu sakakku sun fi ɗaya ɗaurarriya haɗari. In za ka yi, fankar ta jawo iskar waje, ta ciki na da danshi.

Na biyun shi ne wanda na fi ba muhimmanci: mayafi a ciki, kusa da shuka. Farin yadi ne marar nauyi mai barin haske da iska, ana shimfiɗa shi a kan wayoyi santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, ya rufe kunyoyi da yawa a haɗe. Eliot Coleman, manomin jihar Main a Amurka wanda ya yayata wannan hanya, gonarsa na kan digiri 44, layi ɗaya da kudancin Faransa. Ya lura cewa haskensu ɗaya ne, sanyi ne ya bambanta, kuma sanyi ana iya tare shi. A ƙiyasinsa kowane rufi ɗaya kamar ka matsar da gonarka kilomita 800 kudu ne. Sirrin shi ne ƙasar da ke cikin rumfar ita ce murhunka. Da rana tana shan zafi, da dare tana fitarwa, mayafin kuma yana tsare wannan ɗumi a 'yar tazarar da ganye yake, maimakon ya watse cikin rumfa mai tsayin mita huɗu. Shi ya sa ake yaye shi da hantsi in rana ta fito don ƙasa ta sha, a mayar tun la'asar kafin rana ta yi sanyi. Kada ya taɓa ganye, inda ya taɓa ya daskare nan ke ƙonewa. A dare mafi tsanani a ninka biyu. In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, leda ɗaya a sama da mayafi a ciki.

Ranar jan leda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tara mutum biyar ko shida, da sassafe lokacin da iska ke kwance. 'Yar iskar da ba ka ji a fuska tana iya ɗaga mutum in ta shiga leda mai wannan faɗi. Kafin nan ka bi ƙarfen duka da tafin hannu, duk kan kusa ko kaifi ka naɗe shi da tef. A ƙulla igiyoyi a gefen ledar, a dunƙula ƙwallo ko wani abu mai santsi a ciki don kada ta yage, a jefa su ta kan rufi, a ja tare a hankali. A kama ta na wucin gadi, a jira rana ta ɗumama ta kafin ɗaurin ƙarshe, domin leda na miƙewa da zafi. Wadda aka ɗaure da sanyi za ta saki ranar farko da aka yi rana. Wajen kamawa babu kamar kwararon ƙarfe da ake cusa wa waya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ya fi katako da ƙusa tsada, amma kana iya cirewa ka sake ja ba tare da huda ba. Gefuna biyu a yi su masu naɗewa sama zuwa mita 1.2 ko 1.5, za ka gode wa kanka in zafi ya dawo.

Ɗumamawa: ba dole ba, muddin ka shuka abin da ya san sanyi. Tumatir da tattasai da kokwamba ba sa cikin lissafi, sifili na kashe su, kuma ɗumama rumfar leda mai girman taka don su ƙona kuɗi ne. Manoman arewacin Sin, irin na Shouguang a lardin Shandong, suna fitar da su a hunturu ba wuta, amma ginin nasu daban ne: katanga mai kauri a arewa da ke adana zafi, leda a kudu kawai, da bargo mai nauyi da ake saukewa kowane dare. In ka ajiye 'yar na'urar ɗumama don daren gaggawa, ta zama mai fitar da hayaƙinta waje. Wadda ba ta da bututun hayaƙi na cutar da shuka, tana kuma iya kashe mutum a rufaffen wuri.

Abin da ke jurewa, alayyafon sanyi ne sarki, ka ba shi fili mafi girma. Sai kel, ɗan'uwan kabeji da ba ya dunƙulewa, da ganyayen gabashin Asiya irin su tatsoi da mizuna, da ƙananan ganyen salak biyu, mash da kilaitoniya, waɗanda kusan ba abin da ke kashe su. Karas da lik (ɗan'uwan albasa) da albasa mai ganye suna zama a ƙasa lafiya. Latas yana jurewa in ƙarami ne ana yankar ganyensa. Wanda ya girma ya dunƙule sanyi na ruɓar da shi. Waɗannan tsirrai suna tara sukari a jikinsu in sanyi ya kama, shi ke kare su daga fashewar ƙanƙara, shi ne kuma ya sa karas ɗin Janairu ya fi na kowane lokaci zaƙi. Wata safiya za ka shiga ka tarar da komai ya daskare ya kwanta, ya yi duhu kamar an dafa. Kada ka taɓa, kada ka yanka. Ka jira hantsi, za su miƙe. Ganyen da aka yanka a daskare lalacewa yake, don haka girbin hunturu daga wajen ƙarfe 11 ne zuwa 3, a ranar da ciki ya haura sifili.

A tawa rumfar, abin da danshi ya kashe ya fi abin da sanyi ya kashe. Rana ta fito, waje na sifili, ciki na iya wuce digiri 25 kafin azahar. Ganye ya yi gumi, dare ya yi raɓa ta sauka, fumfuna ta samu gida. Sannan shukar da ta saba da ɗumin rana tana rasa juriyar dare. Ka sa tagogi a can sama a bangon gaba da na baya, ka buɗe su duk ranar da rana ta fito ko da kana jin sanyi. Iska mai ɗumi da danshi ta fita ta sama ba tare da jaura ta bugi ganye ba. Gefuna masu naɗewa a bar su rufe a tsakiyar hunturu. Ban ruwa kuma ka ƙoshar da ƙasa tun Oktoba, a Disamba da Janairu kusan ba ka bayarwa. In ta kama, da safe a ranar rana, ta tiyon ɗigo, sannan ka tsiyaye tiyon. Takin da ke da naitirojin da yawa ka rage shi a wannan lokaci, shuka ba ta iya amfani da shi in haske ya gaza, sai ya taru a ganye, ya kuma kira darɓa da zarar an fara ɗumi. Ɓeraye za su gane ka gina musu masauki mai abinci; tarko tun kaka, a bakin bango, kafin su hayayyafa.

Akwai wata matsala da ba ta bayyana sai shekara ta uku ko ta huɗu. Ruwan sama ba ya shiga rumfa, don haka gishirin taki da na ruwan ban ruwa yana taruwa a saman ƙasa, har ka fara ganin fari-fari, iri ya ƙi tsirowa da kyau. Ka riƙa gwada ƙasar kowace shekara. Lokacin sauya leda kuma kada ka yi gaggawar sa sabuwa, ka bar wurin a buɗe wasu watanni ruwan sama ya wanke shi.

Wajen tsakiyar Fabrairu haske ya dawo, abin da ka yanka zai sake tohowa da sauri, kafin ƙarshen Maris yawancinsu sun fara fure sai a tumɓuke a sa sabo. A shekarar farko ka sayi ma'aunin zafi guda uku masu riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma: ɗaya a waje, ɗaya a cikin rumfa, ɗaya a ƙarƙashin mayafi daidai tsayin ganye. Kowane iri ka shuka shi sau uku, kwana goma tsakani, ka rubuta ranakun a littafi tare da abin da ma'aunan suka nuna kowace safiya. A Yuli mai zuwa, littafin nan za ka buɗe ka ɗauki ranar shukar karas.